Igiyar da Fusae Ba Ta Yanke Ba

A ƙauyenmu Usudani, in ka tambayi wace mace ce ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba, gidan Fusae za a nuna maka. Mutane yabo suke yi. Ni kuwa na daɗe ina ganin abin ciwo ne, suna ne kawai ba a sa masa ba tukuna.

Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta daga kwari zuwa kan dutse, gidan Shosaku, a shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe ƙofofi har sai ta tagar bene ake fita. A lokacin bijimi a cikin gida yake zama, bango ɗaya tsakaninsa da madafa, kana shan miya kana jin hucinsa. Ranar da ta tare, surukarta ta miƙa mata lauje da kwando, ta ce, "Shi zai fara ci, sannan mijinki, sannan ni. Abin da ya rage naki ne." Shekara arba'in da biyar ta yi tana bin wannan tsari, ko da yake tsohuwar ta daɗe a ƙasa. Bijimai biyar suka wuce ta hannunta. Na shidan shi ne Jinbei, ja mai wuya kamar turmi, nauyinsa ya haura kilo dubu. Tun yana maraƙi ita ke wanke shi, ita ke dafa masa sha'ir, ita ke goge masa ƙaho.

Shosaku kuwa seko ne, wato cikin masu raba faɗan bijimai. Mu ba ma barin sa ya kori sa a fili. Ana sakinsu su kara, ƙaho da ƙaho, goshi ya tsage, jini ya gangaro kan ido, amma da zarar ɗaya zai ba da baya sai seko su auka. Wasu su zarga igiya a ƙafar baya, ɗaya ya kutsa tsakanin ƙahonin ya cusa yatsu cikin hancin san ya murɗe. Duk ƙarfin bijimi, a hanci ake kama shi. Shosaku ya bar yatsu biyu a wannan sana'a, haƙarƙarinsa kuwa ya daina ƙirga karayarsu. A fili jarumi ne na gasken gaske. A gida ba ka jin komai daga bakinsa sai, "Ke, tsohuwa, shayi!"

A gangare, ƙasa da gidansu, gidan Kikuno yake, mace mai baki kamar reza, da mijinta Yoichi. Su kifin ado suke kiwo, kuma a tafkin da ke dab da rumfar Jinbei suke ajiye iyayen kifin, waɗanda wasunsu sun girmi 'ya'yan Kikuno. Wata bazara Jinbei ya tsinke, ya gangara shan ruwa, ya rusa gefen tafkin. Kifi huɗu suka mutu a taɓo. Wata guda cur Fusae na sauka kowace safiya da wainar shinkafa a faranti, tana rusunawa har goshinta ya kusa taɓa dakali.

"Ke, in kika sake kawo min wainar nan, ke zan jefa a tafkin ki maye gurbinsu," in ji Kikuno. "An ce ya wuce! Kurma ce ke?"

A wurin Kikuno ya wuce. A wurin Fusae bai wuce ba.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Oktoba na 2004, ana gab da ƙarfe shida na yamma, tana rumfa tana zuba wa Jinbei dusa. Girgizar ƙasa ce, amma ba da girgiza abin ya fara ba. Duka ne daga ƙasa, kamar an ɗaga ƙauyen an maka shi. Bokitin ya tashi ya bugi bakinta, haƙori ya fita. Jinbei ya miƙe kan ƙafafun baya yana ruri, igiyar hancinsa ta miƙe, turken ya yi ƙara amma bai karye ba. Ta rarrafo waje bakinta cike da jini, ta ga dutsen da ke fuskantarmu yana saukowa da itatuwansa a tsaye, ya haɗiye hanya, ya haɗiye gonakin shinkafa, ya faɗa kogi. Da ta waiwaya, benen gidansu ya zauna a kan ƙasansa, Shosaku kuma yana ciki.

Ita da Yoichi suka ɗaga katakon da ya danne shi da jak ɗin mota. Sau biyu ƙasa ta sake motsawa, jak ɗin ya zame, katakon ya koma kan ƙafar. Ƙashin ƙwaurinsa ya huda wando ya fito fari fat. Shosaku bai yi kuka ba, zagi ya yi ta yi, ya zagi katakon, ya zagi Yoichi, ya zagi kakan da ya gina gidan.

Washegari jirgi mai saukar ungulu ya zo ɗaukar masu rauni. Ana ɗora shi ya damƙi wuyan rigarta da yatsunsa uku.

"In aka ce ku fita, ki yanke masa igiya. Kin ji ni? Ki yanke, zai nemi kansa."

"To," in ji ta.

Ranar Litinin aka ce kowa ya fita, ba a ɗaukar dabba, ko kyanwa. Maza suka bi rumfuna suna yanke igiyoyi suna kuka. Fusae ta ɗauki laujenta ta je wurin Jinbei, ta ɗora kaifin a kan igiyar. Sai ta tsaya. In ta sake shi, ruwa zai nema, kuma ruwan da ya fi kusa tafkin Kikuno ne. Baraguzan gidansu sun tare gangaren, ba ta hango tafkin, amma ta san gefensa ba zai rasa tsagewa ba, taku ɗaya na Jinbei ya isa ya ƙarasa shi. Da wane ido za ta kalli Kikuno, sau biyu? Ta ce wa ranta kwana ɗaya ne, in ya yi yawa biyu, za a bar su su dawo. Ta cika masa kwami da ruwa, ta tara masa ciyawa har tsayin ƙirjinsa. Sannan ta yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci: ta ƙara wa igiyar ƙulli na biyu. Tana hawa tudun da jirgi ke jira tana jin rurinsa, har ƙarar injin ta rufe shi.

A zauren wasanni na wata makaranta a birni aka zube mu, mutum ɗari uku a kan kwali da bargo. Shosaku ya bugo waya daga asibiti, bai tambayi lafiyarta ba.

"Kin yanke?"

"Na yanke."

A iya sanina wannan ce ƙarya ta farko da ta yi masa. Daga nan ta daina ci. Dunƙulen shinkafar da aka raba mata sai ta tura wa na kusa, ta ce ta ƙoshi, ta ɗauki tsumma ta yi ta goge daɓen da ba wanda ya sa ta.

A rana ta huɗu wani jami'i ya tsaya da lasifika ya ce ba mai komawa, ba bana ba. Ƙasar da ta zaftare ta toshe kogi, ruwa yana hawa ƙauyen a hankali. Aka nuna a talabijin: rufin gidaje a cikin ruwa ja, gawar wata saniya tana juyawa a kai. Kikuno na zaune kusa da ita tana tauna.

"Kifinku fa?" in ji Fusae da ƙyar. "Ruwan zai kai tafkin?"

"Wane tafki? Ai tun dukan farko ya fashe. Da idona na gan su a taɓo suna buɗe baki, har tsohuwar nan mai jan goshi. Ko ɗaya bai kai safe ba."

"Ba ki faɗa ba."

"In faɗa wa wa? Mutane sun binne jikoki, ni in buɗe baki a kan kifi? Ke ma dai. Ci shinkafarki, kin zama kamar sandar shanya."

Fusae ta ji kamar ƙaho ya shige ta tsakiyar ƙirji ya fito ta baya. Zufa ta keto mata, hannunta na hagu ya mutu, muƙamuƙinta ya riƙe. Ta tashi ta dafa bango har banɗaki, ta yi amai, ta tsuguna ta wanke wurin tas don kada wani ya zame. Akwai likita a kusurwar zauren, ta je ta shiga layi. Wata ta zo da jariri mai tari, ta ce ta wuce. Wani tsoho ya zo da yanka a ƙafa, ta ce ya wuce. Mutum huɗu ta bari suka wuce, tana murmushi, leɓenta ya koma shuɗi. Na biyar ɗin bai samu ta yi masa kara ba, don ta kife da fuska a daɓe, hancinta ya fashe.

Kikuno ce ta tsaga zauren da ihu. "Ku matsa, 'yan banza! Mutuwa take yi a gabanku kuna kallon layi!"

A asibiti suka ɗauka jijiyar zuciya ce ta toshe. Suka zura siririn bututu ta cinyarta har zuciya, suka ga jijiyoyin wasai, ba abin da ya tare su. Likitar, wata doguwa 'yar bakin teku, ta zana mata hoto a bayan takarda: tulu mai siririn wuya da ƙaton ciki.

"Kaka, kin ga wannan? Irin tulun da masunta ke kama dabbar ruwan nan mai hannu takwas da shi. Haka zuciyarki ta koma. Ƙasanta ya daina matsawa, ya saki, wuyan kaɗai ke aiki. Tashin hankali ke jawo shi. Tun girgizar nan ba ke ce ta farko ba, kuma kusan duk mata ne sa'anninki."

"Zan mutu?"

"Kwana ukun nan su ne abin tsoro. In kika tsallake su, naman zuciyar kan farfaɗo da kansa. Me ya faru kafin ki faɗi?"

"Ba komai, likita. Ku yi haƙuri, na ba ku wahala."

A rana ta biyu ruwa ya cika mata huhu. Ta riƙa shure-shure tana yakushin abin numfashin da aka kifa mata, kumfa ja-ja na fitowa ta baki, mutum uku suka danne ta kafin a yi mata allura. A cikin wannan shaƙewa ba ta ga uwarta ba, ba ta ga 'ya'yanta da ke Tokyo ba, Jinbei kawai take gani, ruwa ya kai masa wuya, yana ɗaga hanci iyakar inda ƙullinta ya bar shi. Da ta dawo hayyacinta ta tarar da Shosaku a gefen gado cikin keken marasa lafiya, ƙafarsa a miƙe cikin filasta.

"Ke kuma meye haka? Mutum bai isa ya karye shi kaɗai ba sai kin yi gasa?"

Ta zare abin numfashin. "Tsoho, ban yanke ba."

Sai ya wawuri butar shayin da ke kan tebur ya maka ta a bango, ruwan zafi ya watsu har kan zanen gado.

"Kin ɗaure shi ruwa ya ci? Saboda me? Saboda me, na ce!"

"Tafkin su Kikuno."

"Tafki! Kin kashe min sa saboda kifin da ya riga ya ruɓe!" Ya yunƙura zai tashi, keken ya kife da shi. Ma'aikatan jinya suka kwashe shi yana dukan ƙasa da hannu, injin da ke kanta yana ta ƙara. Ta ji tsoro, ta ji kunya, amma abin mamaki, nauyin ƙirjinta ya ɗan ragu.

Kikuno da ta ji labari ta je ta tsaya a kan Yoichi har sai da ya ɗaure takalmi. Shi da maza uku suka saci hanya, tafiyar awa bakwai a ƙasa ta kan zaftarewar. Rumfar ta nutse har rufi. Da suka shiga da kwale-kwalen kiwon kifi suka jawo igiyar, ƙulli biyun na nan daram, a bakinta kuma wani guntun nama ne baƙi. Jinbei ya fizge har hancinsa ya tsage biyu. A kan tudu suka same shi, jini ya bushe masa har ƙirji, ƙudaje sun rufe fuskar, haƙarƙari duk a waje. Sai bayan makonni aka yi masa allurar barci, aka ɗauko shi a raga ƙarƙashin jirgi, aka kai shi wata rumfar aro a kwari tare da sauran bijiman da suka tsira.

Ya rayu, amma ya daina yarda da ɗan Adam. Ba hancin da za a kama, ba inda igiya za ta shiga. Ya karya ƙofar rumfa sau biyu. Ya matse Yoichi a bango ya karya masa haƙarƙari uku, Yoichin da ya ceto shi. Masu shanu suka zauna suka yanke cewa sai mahauta, Shosaku ya buga hatiminsa a takardar ba tare da ya ɗaga kai ba. Motar mahauta ta zo sau ɗaya, maza takwas suka kasa hawar da shi, ta koma.

Ita kuwa Fusae tana koyon tafiya. Makon farko taku goma ne a barandar asibiti, ta zauna tana haki. Mako na uku ta hau matakala shida. Ana ba ta ƙwayoyi safe da yamma, ana hana ta gishiri, ita da ta tashi da ganyen da aka jiƙa a gishiri tun tana yarinya. Kikuno na zuwa kullum ta tsare ta har ta cinye abinci, tana zaginta tsakanin loma da loma. A mako na shida likitar ta sake ɗaukar hoton zuciyar, ta juyo mata allon.

"Duba, tulun ya tafi. Tana matsawa daga sama har ƙasa, kamar ba a yi ba. Ki ci gaba da shan magani, ki riƙa tafiya, ki guji tashin hankali."

Kikuno ta tuntsire da dariya. "Likita, Shosaku take aure fa."

"To in ya yi ciwo ki faɗa, Kaka. Da baki. Yana iya dawowa, kuma ba kullum ake sa'a ba."

Aka sallame ta zuwa ɗakin kwano na wucin gadi da aka ba su. Kwana tara Shosaku bai yi mata maganar da ta wuce ta shayi ba. Rana ta goma, da safe, dusar ƙanƙara ta farko na sauka, ya ce yana kallon bango, "Motar za ta dawo yau. Ke kaɗai yake ji. Ki zo ki hawar da shi."

"To," in ji ta.

Mutum kusan ashirin ne a bakin rumfar, da sanduna da igiyoyi. Motar ta ja da baya ta sauke matakalarta. Fusae ta zare sakata ta shiga ita kaɗai. Jinbei na can ƙurya, ya rame, hancinsa ya warke a buɗe gida biyu, iska na fita ta ciki da fito. Ya dube ta. Sai ya sunkuyar da kai ya taho.

Ya haɗa ta da bangon katako, ƙafafunta suka bar ƙasa. Ƙahonin suka shige itacen hagu da dama da ita, katako ya tsage, wani abu ya yi ƙara a kafaɗarta. A waje mata suka sa kururuwa, Shosaku na ihu, "Ku kama ƙafar! Ku kama ƙafar baya!" Goshin san na kan ƙirjinta yana dannawa, zuciyarta na dukan ƙashinsa kamar ana sussuka. Ta rufe ido tana jiran ƙahon nan na ciki ya sake soke ta. Bai zo ba. Zuciyar bugawa kawai take yi, da ƙarfi, ba ta tsallake ko ɗaya.

"Kada wanda ya shigo," in ji ta. Sannan ta sa hannun da ke motsi ta kama kunnensa. "Ni ce. Ni na ɗaure ka. Ba ruwan kowa, ni ce."

Ta yi ta faɗa, ba ta san sau nawa ba. A hankali dannawar ta sassauta, ya zare ƙahoninsa, ta zame ta tsaya da ƙafafunta. Ta kwance tawul ɗin wuyanta ta rataya a ƙahonsa na dama, ta ja kaɗan. Ya biyo ta.

Maza suka dare. Ta fito da shi tsakar fili, hannunta na hagu na lilo, jini na bin gefen bakinta, har bakin matakalar motar. Direban ya cire hula ya ce, "Sannu, Kaka. Taku biyar ya rage."

Fusae ta dubi matakalar, ta dubi duhun cikin motar. Sai ta zauna daɓas a cikin dusar ƙanƙara, tawul ɗin a hannunta.

"Ba zai hau ba."

"Ke, tsohuwa!" in ji Shosaku. "Tashi! An gama magana, na buga hatimi."

"Kai ka buga. Ba zai hau ba."

Yoichi ya matso yana dafe da ƙirji. "Fusae, ni fa ya karya. Gobe yaron wani ne."

"Na sani. Ka yi haƙuri. Ni zan riƙa shiga wurinsa, ba wanda zai sake shiga. Amma ba zai hau ba."

"Direban nan awa biyu ya yi a hanya, karo na biyu ke nan," in ji Shosaku. "Mutane sun bar aikinsu. Kunya za ki ba ni a gaban jama'a?"

Ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, maƙwabtan shekara arba'in da biyar, kowa ransa a ɓace, kuma ita ce ta ɓata shi.

"E," in ji ta.

Kikuno ta ratso mutane, ta tattare siket ta zauna kusa da ita. "Wayyo ƙuguna, sanyi! Ke, matsa min. Kai kuma Yoichi rufe baki, haƙarƙari nawa gare ka da za ka yi mana rowar uku?"

An daɗe a haka, dusar na taruwa a kan gadon bayan Jinbei. Shosaku ya kalli san, ya kalli matarsa. Can ya juya kan sandunansa, ya ɗingisa har gaban direban, ya cire hula ya rusuna, ya yi ƙasa sosai har sanda ɗaya ta zame, sai da direban ya tare shi.

Aka naɗe matakalar. Motar ta juya babu komai a cikinta, ta wuce ta gabansu a hankali. Fusae tana zaune riƙe da tawul, ba ta tashi ta rusuna wa direban ba.